Lamba Hamsin

Maigidana Sallau bai taɓa karanta gwangwani ba.
Ƙusa yake sa wa, ya huda baki biyu,
ɗaya na zuba, ɗaya na shan iska,
ya ɗiga a babban yatsa, ya murza da manuniya,
ya raba su sannu, ido a kan zaren.
In ya miƙe kamar yauƙin kuɓewa:
"Hamsin ne, ba wa Fijo."
In ya tsinke da wuri:
"Talatin. Kai wa mai injin markaɗe."

Haka muka taso a Kwakwaci, gindin darbejiya,
kowane baƙin mai da sunansa guda.
Arba'in na nan, ba ya amsa wani kira.
Casa'in na giya, warinsa na bin ka har masallaci.
Ɗari da arba'in, nauyin zumar rani,
sai ka ajiye mazurari ka je ka sha shayi.
Ga ɗan na kwalba da ake haɗawa da fetur,
Basfa ta ratsa Fagge
tana jan shuɗin hayaƙi kamar wutsiya.

Sai jarkokin roba suka iso
da lamba biyu, harafi a tsakani.
Ashirin da hamsin ya fara sallama.
Sallau ya ce, "Mai fuska biyu ba ya kwana garejina."
Ya rasu da damina, man ya kwana.
Biyar da talatin ya biyo baya.
Bana kuwa sifili da ashirin.
Sifili!
Yaushe aka fara ɗura babu a galan?

Yarona Nazifi ya duba waya ya ce
harafin nan na sanyi ne,
sanyin garuruwan da kogi ke zama dutse.
Ya ce hanyoyin injin yanzu kafar allura ce,
mai kauri ba ya shiga.
Na yi masa tsawa. Gaskiya ya faɗa.
Na taɓa kashe ɗaya da hannuna,
sabuwar motar wata malamar jinya:
na ba ta hamsin don ƙauna,
ta buga kafin ta kai Gyaɗi-gyaɗi.
Kuɗin ragon layya na biya,
shekarar nan maƙwabta suka ba mu nama.

Ran Talata aka turo Fijon marigayi Nalado,
jikansa na son ya ji muryarta sau ɗaya.
Ringi ya saki, ƙarfe ya ci ƙarfe,
irin wannan sai mai jiki ya cike giɓin.
Na taka Ƙofar Ruwa layi-layi.
Wani ya yi dariya, wani ya ce "sai jibi",
wani ya miƙo na awo a gorar ruwa,
ba uwa ba uba, launin ƙanzo.
Wajen Barau kaɗai na ga gwangwanin,
fentin ya koɗe, lambar na nan daram.
Na girgiza: noti ne da wasa a ciki.
Na sa hanci. Wallahi da saura.

Da yamma na bi layi a asibiti.
Likita, sa'ar Nazifi, ya ɗaga takarda:
"Baba, jininka ya yi kauri,
hanyoyin sun tsuke.
Ga ƙwaya, kullum ɗaya, za ta tsinka shi."
Na ce, "Lamba nawa za ka mayar da ni?"
Bai gane ba.

Na dawo, Fijo na jira, baki buɗe.
Nazifi ya riga ya kawo ashirin da hamsin.
Na ɗiga a yatsa, na murza, na raba.
Zaren ya ɗan tsaya,
ya tsinke.
Na ce, "Zuba. Ku tura ta."